Sado, inda na je duba jirgin da ba shi da haƙarƙari

Daga Tokiyo zuwa Niigata awa biyu ne a jirgin ƙasa mai gudu, Shinkansen. Daga tashar ruwan Niigata kuma babban jirgin fito yana cin awa biyu da rabi kafin ya kai Ryotsu, babbar mashigar tsibirin Sado. Akwai ƙarami mai sauri da ke yin tafiyar cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, amma ya fi tsada, kuma in teku ta tashi shi ake fara dakatarwa. Babban na bi. Daga Ryotsu sai bas zuwa Ogi a can kudancin tsibirin, da canjin mota a hanya, sannan kilomita huɗu zuwa ƙauyen Shukunegi. Duk wanda zai je ya duba jadawalin bas tun da safe, don motocin ba su da yawa.

Abin da ya kai ni shi ne jirgi guda ɗaya, Hakusan Maru, wanda ke ajiye cikin wata babbar rumfa a gidan tarihin Ogi, kusa da tsohon ginin makarantar firamare na katako da aka gina a 1920. An ƙera jirgin a 1998, aka bi zanen wani jirgi mai suna Koei Maru da kafintocin Shukunegi suka yi a 1858. Tsawonsa mita 23.75, faɗinsa mita 7.24, tsayin bayansa mita 6.61, kuma yana ɗaukar koku 512. Koku mudun shinkafa ne na Japan, kimanin lita 180, wato kilo 150, buhu uku na kilo 50 ke nan. Ka ga jirgin na ɗaukar sama da buhu 1,500. Ana barin mutum ya hau, ya shiga cikinsa, ya shafa katakon da hannu. Ga mai son ƙera ƙaramin samfurin irin wannan jirgi da katako, wuni ɗaya a nan ya fi wata guda na kallon hotuna.

Sunan irin jirgin bezaisen. Shi ne motar dakon kayan Japan a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, har ya ɗan zarce. Waɗanda ke bin gaɓar Tekun Japan daga Osaka zuwa Hokkaido ana ce musu kitamaebune. Masu su kan sayi kaya da kuɗinsu a wannan tasha su sayar a waccan: gishiri, auduga da tsofaffin tufafi su nufi arewa, ciyawar teku ta konbu da takin kifi su gangaro kudu. A 1672 Kawamura Zuiken ya tsara hanyar yamma ta kai shinkafa daga Sakata, aka sa Ogi cikin tashoshin da ake yada zango, arziki ya shigo Shukunegi. Gidaje sama da ɗari ne cunkushe a fili kamar hekta ɗaya, lunguna da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Akwai wani gida mai kusurwa uku, Sankakuya, da aka yi wa bango ya bi lanƙwasar lungu kamar gefen jirgi, aikin masu ƙera jirage ne.

Da na sauka cikin jirgin, abin da na fara nema shi ne haƙarƙari. Babu. Jirgin Turawa ana fara shi da ƙashin baya, a jera haƙarƙari a kai, sannan a lulluɓe da siraran katakai masu yawa. Bezaisen kuwa faffaɗan alluna masu kauri ne aka haɗa baki da baki da ƙusoshi, aka tokare su daga ciki da azarori na gicciye. Wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa kwale-kwalen katako a Yawuri zai fi saurin gane shi a kan wanda ya saba da samfuran jiragen Ingila. Duk kuskuren da na sha gani a ƙananan samfura daga nan yake tasowa: mutum ya yanka haƙarƙari ya jera, ya bi su da siraran sanduna, a ƙarshe ya sami jirgi mai zagayayyen ciki kamar ƙwarya. Ainihin jirgin yana da kusurwoyi a jikinsa, kuma kusurwoyin nan su ne kamanninsa.

Sassan gangar jikin ba su da yawa. A ƙasa akwai kawara, shimfiɗaɗɗen allo mai kaurin gaske wanda shi ne gindin jirgin. A goshi akwai miyoshi, gungume ɗaya da ya karkata gaba, a baya kuma todate, allon da ya toshe ƙeya. Kowane gefe hawa uku ne. Nedana na farko, gajere, kusan a tsaye yake a bakin kawara. Nakadana na biyu, shi ne mafi faɗi, ya kwanta ya buɗe waje. Uwadana na uku ya sake miƙewa tsaye. Azarorin, funabari, su ma hawa uku ne, kuma na saman suna huda uwadana su leƙo waje. A kan kawunansu da suka leƙo ake ɗora doguwar sandar da shingen gefe, kakitatsu, ke tsayawa a kai.

Maganar sikeli. Kafintocin Japan da shaku suke awo, santimita 30.3. Shaku ɗaya sun goma ne, sun ɗaya bu goma. Zanensu a kan allon katako suke yinsa, ana ce masa itazu, galibi a 1/10, domin kowane shaku na jirgi ya zama sun ɗaya a allo, babu lissafi. Tsofaffin samfuran da masu jirage ke kai wa wuraren ibada irin Kotohira su ma da yawa a 1/10 suke. Amma Hakusan Maru a wannan sikeli ya haura mita biyu, ba kayan ɗaki ba ne. Kamfanin Woody JOE na Shizuoka yana sayar da yankakkun sassa a kwali a 1/72, na kitamaebune da na higaki kaisen, jiragen da ke tsakanin Osaka da Edo, wato Tokiyo ta yau, kuma mafari ne mai kyau ga sabon hannu. Ni dai 1/30 nake ba da shawara ga mai yankan katakonsa da kansa. Dalili kuwa, a nan shaku ɗaya yana zama santimita ɗaya, sun ɗaya milimita ɗaya, bambancin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai. Kana karanta tsohon awo, kana ɗaukar rula. Jirgin zai fito da tsawon santimita 79, faɗi 24, tsayin baya 22.

Sai dai itazu ba ya faɗin komai. Yana nuna jirgin daga gefe da yankan cikinsa a wuri ɗaya ko biyu, sauran yana kan kafinta, sirrin sana'a ne. Shi ya sa na ɓata mafi yawan lokacina a tsugune a gaban goshin jirgin ina kallon nakadana. A tsakiyar jirgi allon nan a kwance yake, amma kafin ya iso miyoshi ya murɗe har ya kusa miƙewa tsaye. Wannan murɗiyar babu zanen da ke nuna ta sosai, kuma ita ce aiki mafi wuya a dukan samfurin.

Katakon ainihin jirage na itatuwan Japan ne: yawanci sugi da matsu, da keyaki ko kusu a inda ake son ƙarfi, da wani icce mai tauri da ake kira kashi a sandar akala, wato sandar allon da ke juya jirgin. A samfuri sugi ba ya kyau: layukan jikinsa sun yi faɗi, a 1/30 sai su zama kamar an zana su da tawada, ga shi tsakanin layukan laushi ne, samfefa na cinye shi ta bar tudu da kwari. Hinoki ya fi, jikinsa sumul, launinsa fari-fari, ga ƙamshi. Halinsa biyu ne ya kamata a sani. A bushe yana karyewa ba gargaɗi in an lanƙwasa shi, amma da ya sha ruwa sai ya yi biyayya. Sannan yana loɓawa da ɗan matsi, ko farce na bar masa tabo. Maganin loɓawa ɗigon ruwa ne da bakin dutsen guga mai zafi, sai wurin ya taso. Wanda bai sami hinoki ba, obece mai miƙaƙƙen jiki zai yi.

Ga yadda nake bin aikin. A sami allon gini mai kaurin milimita 18, tsawo santimita 90, faɗi 30, wanda bai kantare ba, a ja layin tsakiya. A yanka kawara daga katako mai kaurin milimita 8, a ɗaure shi a kan layin da sukurori biyu daga ƙasa. Kawara yana ɗagawa sama ta wajen baya, a sa masa ɗan katako a ƙasa gwargwadon zane. A kafa miyoshi da todate, kowanne da abin tokara na wucin gadi, a duba tsayuwarsu da sukwaya da zare mai nauyi. Idan miyoshi ya kauce da milimita ɗaya a nan, gefe ɗaya zai fi ɗaya kumbura har ƙarshen aiki, kuma babu gyara. Bayan haka a yanka allunan siffa biyar ko shida na wucin gadi, masu nuna kusurwar kowane hawa, a tsayar da su a kan kawara da ɗigon gam ɗaya tak, a bi bakinsu da salatif don kada su manne da jikin jirgin.

Kada a taɓa katakon gefe sai an fara da kwali. A ɗora kwali a kan allunan siffa, a rage, a ƙara, har ya zauna ba tare da an tilasta shi ba. Siffar da za ta fito za ta ba ka mamaki, domin allon da ya yi kama da miƙaƙƙe a jikin jirgi, a shimfiɗe kamar lauje yake. A haɗa katakai biyu masu kaurin milimita 3 da salatif mai manne biyu, a yanka na dama da na hagu tare, a bar rarar milimita 2 a kowane baki.

Kafintocin asali da wuta suke lanƙwasa allo, suna gasa gefe ɗaya suna jiƙa ɗayan. A samfuri ruwan zafi ya isa: minti 20 zuwa 30 a jiƙe, a ɗaure a kan allunan siffa da robobi da maƙalan shanya, a sa ɗan kwali a ƙarƙashin kowane maƙali saboda tabo, a bari awa 24. Wanda ya sa gam alhali katakon na da danshi zai ga bakin ya buɗe bayan kwana biyu, don allon yana tsukewa in ya bushe. Nakadana yakan buƙaci jiƙo biyu, rabin murɗiya yau, sauran gobe. In aka nemi a gama a zama ɗaya, sai ya tsage ta bin layin jikinsa daga goshi. Kuma a riƙa ɗora dama da hagu a rana ɗaya, domin allo ɗaya shi kaɗai yana jan miyoshi zuwa gefensa.

Haɗin baki yana da dabarar da ta burge ni. Japanawa suna jera alluna biyu, su bi tsakaninsu da zarto sau da yawa har bakunan su dace, wannan shi ne suriawase. Sannan su daddoki bakin da guduma ya danne, kigoroshi, domin in ya sha ruwa ya kumbura ya toshe kansa. Abin da ya rage a cusa masa makihada, ɓawon hinoki da aka murza kamar igiya. Ƙaramin suriawase yana yiwuwa a tebur: a yanka siririyar samfefa mai lamba 240, a zura tsakanin allon da mazauninsa, a danna a hankali, a ja. Sau goma ko sha biyar, haske ya daina wucewa. Farin gam na kafinta ya wadatar, da 'yan turakun waya na milimita 0.8 a inda murɗiya ta fi ƙarfi. Gam mai kamawa nan take yana shiga jikin hinoki ya bar baƙin tabo. Idan za a rina katakon, a rina kafin gam, domin duk inda gam ya taɓa rini ba ya kamawa. Ruwan shayi mai kauri yana ba da launin tsohon katako. Banish mai ƙyalli kuwa ɓata aikin yake, jiragen nan ba a yi musu shi ba.

Ramukan azarorin sama sai bayan uwadana ya zauna ake huda su. A yi alama a gefe ɗaya, a huda ƙaramin rami, a zura miƙaƙƙiyar waya zuwa ɗaya gefen, a tabbatar ta yi daidai da allon gini ta tsayi kuma ta gicciye layin tsakiya sosai, sannan a faɗaɗa da ƙaramar zarto da fayil. Wanda ya huda tun allon na shimfiɗe, lanƙwasa za ta gusar masa da ramukan. Sai azarori sun shiga ake cire allunan siffa, in ba haka ba gefunan su rufto ciki.

Daga waje, abin da ido ke fara kamawa a jikin Hakusan Maru layukan gurabun ƙusa ne. Ƙusoshin faffaɗa ne, ana huda musu hanya da wani kurfi mai suna tsubanomi, a nutsar da kan ƙusar cikin ɗan gurbi, a rufe da katako ko jan ƙarfe. A 1/30 nakan yi gurbin milimita 1.5 a 4, tazarar santimita ɗaya. Haɗi uku a kowane gefe, kowanne kimanin santimita 60, gurbi wajen 360 ke nan. A wasa bakin ƙaramar sukundireba ta zama hatimi, a manna takarda mai alamun tazara a gefen layin, a danna ɗaya bayan ɗaya. Awon ido ba ya yi a nan, tazara na buɗewa a hankali ba ka sani ba. Rufin jan ƙarfe na miyoshi da kawunan azarori kuma, ko a yi shi da siririn jan ƙarfe na milimita 0.1 da aka dusashe, ko da takarda da aka shafa wa ruwan ƙasa mai duhu. Mai walƙiya kamar sabon kwabo ba ya dacewa.

Daɓen sama alluna ne da ake ɗagawa ɗaya-ɗaya don loda kaya, ba a ƙusance su ba, ruwa ma na shiga ta nan, kuma yana cikin raunin jirgin. A samfuri a bar biyar ko shida ba gam, mai kallo ya ga cikin da babu haƙarƙari. Shingen kakitatsu a harhaɗa shi a shimfiɗe a kan zane, da sanduna na milimita 3, kafin a ɗora. A kula, saƙar nan mai gicciye kamar idon raga a ƙasan shinge alamar higaki kaisen ce, jiragen da ke tsakanin Osaka da Edo, irin Naniwa Maru da aka ƙera a 1999. Sa ta a jikin kitamaebune kamar ɗinka wa ɗan sanda hular soja ne.

Allon akala sunansa kaji, ba ruwansa da kajin gidanmu. Girmansa ya wuce misali: a jirgin koku dubu fuskarsa ta kai tabarmar tatami shida. Ba shi da maƙalan ƙarfe irin na Turawa. Sandarsa tana zaune ne cikin wani gurbi a babbar azarar baya, igiyoyi na riƙe da ita, domin a iya ɗage shi sama in an shiga tasha marar zurfi. Igiyar ruwa in ta bugo daga baya, shi take fara karyawa. A samfuri kada a manne shi, a rataye shi da zare kamar na gaske. Masu kallo za su ce ya yi girma, a bar shi haka.

Ginshiƙin da ake rataya ƙyallen iska ɗaya ne, mai kusurwa huɗu, yana sirancewa zuwa sama. A manyan jirage itatuwa da yawa ake haɗawa a ɗaure da zobban ƙarfe, baƙar takarda mai faɗin milimita 2 tana kwaikwayon zobban. Igiyar da ke riƙe shi ɗaya ce mai kauri, hazuo, daga kansa zuwa goshi. Babu igiyoyin gefe masu kama da tsani, kada a ƙara su. Igiyoyin ɗaga ƙyalle suna bi ta kan ginshiƙin su gangara baya, su shiga ɗakin jirgi inda ake naɗe su da rokuro, wani gungume da mutane ke juyawa da sanduna. A gindin ginshiƙi kuma ake ɓoye funadama, abin da ma'aikatan jirgin suka ɗauka shi ne kurwarsa: 'yan ƙwayoyin caca biyu, kuɗi goma sha biyu, gashin mace. Ba a ganinsa daga waje, ba sai an yi ba.

Ƙyallen iska ma ɗaya ne babba, na auduga. A 1785 Kuraku Matsuemon, mutumin Takasago, ya fito da saƙa mai kauri da ta maye gurbin tsohon ƙyalle mai ninki biyu. Ƙyallen ƙwarya-ƙwarya ne a tsaye, kamar yadda ake haɗa fatalar saƙi, kowace faɗinta kusan santimita 75, kuma da yawansu ake faɗin girman jirgi: na koku dubu yana da wajen 25. Ba a ɗinke su gam ba, da igiya ake zarge su, a bar 'yar kafa. A 1/30 kowace ƙwarya santimita 2.5 ce. A sami farin yadi mafi siranta, a wanke shi tukuna don ya gama tsukewa, a tsoma a shayi marar kauri, a goge. A shafa farin gam da aka sirka da ruwa, kashi ɗaya a uku, a kan layin yanka, ya bushe, sannan a yanka da reza, bakin ba zai zare ba. Kalmasa da keken ɗinki tana fitowa da kauri kamar igiyar rijiya. Zaren zargewa a bi shi da kakin zuma don gashinsa ya kwanta. Kowace ƙwarya tana da 'yar igiyarta a ƙasa da ake ɗaurewa a wata babbar igiya ta gicciye, domin ƙyallen ba shi da sanda a ƙasa.

Sauran ƙananan kaya ne: anka mai ƙugiya huɗu, wadda babban jirgi ke ɗaukar bakwai ko takwas, ana yin ta da waya ta milimita 2 da dalma, ƙaramin kwale-kwalen tenma da ake ɗorawa a gaba, da sagari, baƙin tuntun da ke reto a hancin miyoshi, wanda baƙin zare da aka tsefe ke bayarwa.

Iskar Sado mai laima ce, ta sa na tuna da hunturunmu. Faffaɗan allo ta faɗinsa yake tsukewa, kuma wannan jirgi duk faffaɗan alluna ne. Samfurin da aka haɗa da damina a Kano ko Damagaram, in iskar hunturu ta buso, haɗin nakadana ne zai fara tsagewa. A ajiye katakon mako biyu a ɗakin da za a yi aikin, kuma a haɗa gangar jikin a lokacin rani, domin kumburin damina matse haɗi yake yi. A nisanta shi da taga da rana, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara.

A rumfar Ogi ginshiƙin Hakusan Maru a kwance yake a kan jirgin, yadda ake kwantar da shi in an daɗe a tasha, an saba tayar da shi ne in an jawo jirgin waje a bikin ƙarshen watan Yuli. Mai samfuri ma yana da wannan zaɓi. Da ginshiƙi a tsaye da ƙyalle a buɗe, akwatin gilashi zai kusa mita ɗaya a tsayi. Da shi a kwance, ƙyallen a naɗe a gefe, akwati mai tsawon santimita 95, faɗi 35, tsayi 40 ya isa. Na ɗauki hoton yadda ginshiƙin ya kwanta a kan matokaransa ta fuska uku, na fita neman bas ɗin komawa Ogi.